Jawabin mushen lakwal a kan gayyar yaɓen majami'a



Ni yaro ne a gabanku, ku gafarce ni. Bara sau uku muka kira gayyar yaɓe. Waɗansu sai da rana ta take suka zo, waɗansu suka zamna gindin bedi, wai kuɗin 'yan Yamai da Abijan ba su iso ba. Ni kaina na makara sau biyu, ni mai tsawata wa yara in sun makara lakwal. Damina ta faɗi, bangon gabas ya tsage.

Ku tuna da Nehemiya. Cikin kwana 52 aka gama garun Urushalima, don kowa ya kama nashi yanki, waɗansu daura da gidajensu.

Bana mu yi haka. Ran Asabar tun da sassafe, mata su kawo ruwa, samari su kwaɓa ƙasa, dattawa su duba aiki. Na nesa shi aiko abin da ya samu, ko dala ɗari ce, kada a rena. Gunaguni kuwa mu baro shi gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji shi ba mu ƙarfi. Amin.