Jawabi Kan Kawar Da Kaya Daga Titin Jirgi A Tasha



Tun 1911 da jirgin ƙasa ya fara isowa tashar Kano, halinsa bai sāke ba: ba ya kauce wa abin da ke gabansa, ba ya kuma tsayawa nan take. Dalili kuwa, ƙafafunsa ƙarfe ne a bisa ƙarfe, ga nauyin taragai na tura shi daga baya. Ko direba ya kama birki, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Ran 9 ga Maris 2023 jirgi ya yi karo da wata bas da ta hau titinsa a Ikeja, mutum 6 suka rasu.

Saboda haka a kiyaye waɗannan ƙa'idodi:

Na ɗaya, 'yan dako da 'yan tireda kada su ajiye buhu, amalanke ko tebur a kan titi ko dab da shi.

Na biyu, makiyaya su tsallakar da dabbobi ta mahayin da aka keɓe kaɗai.

Na uku, wanda ya ga dutse, gungume ko mota ta mace a kan titi, ya hanzarta gaya wa shugaban tasha. Shi zai sa a tsai da jirgi da jar tuta, da dare kuwa jar fitila, sa'an nan ma'aikata su kawar.

Na huɗu, in an ji usur, kada kowa ya koma ceton kayansa. Dukiya ana mayar da ita, rai kuwa ba a mayarwa.

Allah ya kiyashe mu, amin.