Shin Nisan Ƙasa Yana Wanke Laifi? Ra'ayoyin Mutanenmu a Kan Littafin Shantaram

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata, a Dagauda

 

Kwamitin ilimi ne ya ɗora mini nauyin in tattaro abin da mutanenmu suka faɗa game da littafin nan mai kauri da ya daɗe yana yawo a hannun 'yan ƙungiya, in kawo shi gaban wannan taro. Da Turanci aka rubuta shi, saboda haka waɗanda suka karanta da idonsu ba su da yawa, galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da ɗalibanmu da ke karatu a Azare. Amma da yake an riƙa ba da labarinsa da Hausa a majalisa bayan sallar isha'i, waɗanda suka ji da kunne sun ninka su, kuma su ne ma suka fi ɗaukar zafi a muhawara. Tambayar da ta raba kan jama'a guda ɗaya ce: mutum ya yi ɓarna a garinsu, ya gudu ƙasa mai nisa ya yi ta aikin alheri, shin ya wanku?

Kafin in shiga ra'ayoyi, bari in ɗan taƙaita labarin saboda waɗanda ba su ji ba. Sunan littafin Shantaram, wanda ya rubuta shi kuwa wani mutumin Ostireliya ne, Gregory David Roberts, an buga shi a 2003, kuma ya haura shafi 900. Shi marubucin da kansa tsohon ɗan fashi ne. Shan muguwar hodar nan ta hirowin ya kai shi ga fashi da makami, a 1978 aka yanke masa ɗaurin shekara 19, a 1980 ya tsere daga kurkukun Pentridge, ya ƙarasa birnin Bombai na ƙasar Indiya, wanda aka sauya wa suna zuwa Mumbai a 1995. Wannan birni ba baƙonmu ba ne, don kuwa duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ya san titunansa.

Tauraron labarin, wanda ake kira Lin, irin wannan hanyar ya biyo. Ya sauka Bombai da fasfo na jabu, ya haɗu da wani ɗan jagora mai fara'a, Prabaker, wanda ya kai shi ƙauyensu ya yi wata shida. A can ne uwar Prabaker ta raɗa masa suna Shantaram, wato mutumin aminci. Da kuɗinsa suka salwanta ya koma unguwar marasa galihu, inda ɗakunan tabarma da leda suke, ya buɗe ɗan wurin ba da magani kyauta, ya tsaya da su a lokacin gobara da lokacin kwalara. Daga baya aka jefa shi kurkukun Arthur Road, ya sha azaba, sai wani ubangidan 'yan daba, Abdel Khader Khan, ya fitar da shi. Tun daga nan ya zama yaronsa, yana harkar canjin kuɗi ta bayan fage da buga fasfo na jabu, har ya bi shi Afganistan kai makamai a lokacin yaƙi da Tarayyar Sobiyet.

To, ra'ayi na farko da na ji, tun kafin a zo kan batun tuba, kukan tsawo ne. Wani ɗalibi ya ce mini ya yi wata biyu yana fama, kuma duk inda Khader Khan ya buɗe baki yana dogon bayani a kan asalin duniya da ma'anar alheri da sharri, tsallakewa yake yi. Ba laifinsa ba ne. Littattafanmu na farko da aka buga bayan gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, a zama ɗaya ko biyu ake gama su. Ko Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982 kuma muke ganinsa ƙato, bai kai rabin wannan ba. Amma wata malamar firamare ta ba shi amsa. Ta ce halin ɗan Adam ba ya sauyawa a shafi goma, kuma da marubucin ya gajarta, da mun ɗauka dare ɗaya ɓarawo ke zama waliyyi.

Ra'ayi na biyu shi ne na waɗanda suka ce Lin ya tuba, kuma yawancinsu iyayenmu mata ne da matasa. Hujjarsu ita ce, mutumin da zai iya zama a otal cikin 'yan uwansa Turawa, amma ya koyi Hindi da Marati, ya ci abin da talakawa ke ci, ya wanke masu kwalara da hannunsa, ai zuciyarsa ta riga ta juya. Wata dattijuwa ta ce abin da ya fi taɓa ta shi ne sunan da aka raɗa masa. Matar ba ta san tarihinsa ba, ta dube shi ta kira shi da sunan kirki, shi kuma ya shiga ƙoƙarin ya cancanci sunan. Ta ce da yawa daga cikin yaranmu da suka lalace, mugun sunan da muka liƙa musu ne ya hana su dawowa hanya.

Ra'ayi na uku na dattawa ne da 'yan kasuwa, kuma sun fi kowa tsauri. Suka ce a ƙirga mana. Fashin da ya yi a gida laifi ɗaya ne, amma a Bombai ya ƙara da jabun takardu da fasa ƙwauri da safarar makamai, sa'an nan da abokinsa Prabaker ya rasu a haɗarin mota sai ya koma wa hodar da ta jefa shi a rami tun farko. Wani ma'aikacin asibiti ya ƙara da cewa ko magungunan da yake rabawa kyauta, ta kasuwar bayan fage suke zuwa, da taimakon ubangidan nasa. Har littafin ya ƙare yana cikin ƙungiyar 'yan daban. Wani ɗan kasuwa kuma ya yi tambayar da ta sa majalisa ta yi tsit. Ya ce: "Mun ji kukan ɓarawo shafi 900. To mai shagon da aka nuna wa bindiga, a wane shafi aka ba shi baki?"

Akwai kuma waɗanda damuwarsu dabam ce. Wasu sun ɗauka tarihin rayuwa suke karantawa, sai ransu ya ɓaci da suka ji marubucin da bakinsa yana cewa ƙagaggen labari ne da ya gina a kan abubuwan da ya gani. Wasu kuma ba su ji daɗin yadda baƙon Bature, wanda iyakar iliminsa taimakon gaggawa, ya zama likitan dubban mutane ba, kamar dai talakan Indiya zaune yake yana jiran mai ceto daga waje. Iyaye kuwa tsoronsu shi ne littafin ya ƙawata rayuwar 'yan daba, ya nuna su masu amana da zumunci da kyauta. Suka ce shi Bature Gagare tun daga sunan littafinsa ya yanke hukunci, kuma Mailoma, tsohon sojan da ya tara 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa, bai wanye lafiya ba. Yaro in ya gama wancan, tsoro yake ji. In ya gama wannan, ana gudun sha'awa ta kama shi.

Jama'a, yanzu ku ba ni dama in faɗi inda na tsaya bayan na saurari kowa. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Wani malaminmu ya tuna mana da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya kashe rai 99, ya cika na 100 da mai ibadar da ya yanke masa ƙauna, sa'an nan wani masani ya gaya masa ƙofar tuba a buɗe take, amma ya bar ƙasarsu ya tafi inda mutanen kirki suke. Kun ga ke nan sauya wuri yana taimakon mai son gyaruwa. Sai dai a lura da wajen wa aka tura shi. Duk lokacin da Lin yake cikin talakawan ƙauye da na unguwa, gyaruwa yake yi. Ranar da ya koma inuwar Khader Khan, ranar ya koma gidan jiya. Mutum ɗaya ne, birni ɗaya ne, abokan zama ne suka bambanta.

Rabi na biyu kuma shi ne abin da malamai suka koya mana game da sharuɗɗan tuba: a daina, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa ko a nemi yafewarsa. Wannan na ƙarshe shi ne littafin ya tsallake. Maganin da aka ba mutumin Bombai lada ne, Allah ba Ya tozarta shi, amma ba ya biyan bashin mutumin Ostireliya. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Shi kansa marubucin bai tsira ba. A 1990 aka kama shi a Frankfurt ta ƙasar Jamus, aka mayar da shi gida ya ƙara shekara shida a kurkuku, kuma sai bayan nan ne littafin ya fito. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Me ya sa wannan magana ta shafe mu? Saboda mu ma zuwa muka yi. Iyayen wasunmu fatauci ya kawo su, wasu noma, wasu almajiranci, wasu aikin gwamnati, kuma mutanen da muka tarar a wannan ƙasa sun ba mu wurin zama ba tare da sun tona asalin kowa ba. Wannan karamci shi ne mafi kyawun abin da ke cikin littafin, kuma mun san ɗanɗanonsa. Har wa yau 'ya'yanmu suna fita, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu su keta Sahara zuwa Libiya, wasu Saudiyya. Akwai mai tafiya neman halali, akwai kuma wanda ya bar bashi ko ɓarna a baya yana zaton nisa zai rufe. Ku tuna da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin jiharmu. Umar ba mai laifi ba ne, zaluntarsa aka yi aka raba shi da uwarsa, amma tafiyarsa ba ta zama abin alfahari ba sai da ya dawo ƙasar Hausa ya zauna yana karantar da mutane.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, duk yaron da zai fita, dattawa su tambayi wajen wa zai sauka, kamar yadda iyayenmu ba sa shiga baƙon gari sai sun san mai masaukinsu. Na biyu, wanda ya dawo daga gidan yari, ko na Azare ne ko na wata ƙasa, kada mu rufe masa ƙofa. Tun 2019 doka ta sauya wa gidajen yarin Nijeriya suna zuwa gidajen gyaran hali, amma gyaran gaskiya a unguwa ake ƙarasa shi, da sana'a da jari ko yaya yake, da kiran mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa. Na uku, wanda yake son ya mayar da haƙƙi amma kunya ko tsoro ya hana shi, a samu dattawa biyu ko uku su raka shi cikin sirri, su shiga tsakani, ko da biyan sai a hankali ne.

Game da ko a bar matasa su karanta littafin, ni ina ganin a bar waɗanda hankalinsu ya kai, amma kada su karanta su kaɗai. A zauna a tattauna kamar yadda muka yi, kuma a riƙa maimaita musu tambayar ɗan kasuwar nan ta mai shago. Littafin yana hannun sakataren kwamitin ilimi, mai so ya rubuta sunansa, kuma don Allah a riƙa dawo da shi a kan lokaci, layin yana da tsawo.

 Allah Ya shirye mu da zuriyarmu, Ya dawo mana da matafiyanmu lafiya, Ya raba mu da haƙƙin mutane.