Kada Ka Ƙona Takardar da Ba Ka Karanta Ba

  Iyayena mata da ke bakin murhu, a ɗan ƙara muryar rediyo, domin ku ne masu riƙe da makullin akwati a gidajenmu, kuma maganar yau ta abin da ke cikin akwatin ce.

Bara wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bayan addu'ar arba'in 'ya'yansa suka buɗe ɗakinsa. Littattafai masu bango aka raba su gado. Sauran takardu kuwa, wajen rabin buhu, aka ce akwai sunan Allah a ciki, gara a ƙone kada a taka. Niyya mai kyau ce. Na iso wuta na ci, na tsamo warƙa biyu gefensu ya babbake. Ta farko wasiƙa ce da ajami, Hausa tsantsa, wani ɗan kasuwa daga Kumasi yana lissafin huhun goro da bashin da ya rage. Ta biyu jerin sunayen waɗanda suka ba da gudummawar ginin masallacin layinmu ne, kowa da abin da ya bayar, fam da sule, ka ga ke nan tun kafin kuɗin sidi su fito a 1965. Autan mamacin ya ga sunan kakarsa a layi na huɗu, ya zauna a ƙasa ya yi shiru. Sauran buhun ya riga ya zama toka.

Yaranmu na yanzu da sun ga baƙin Larabci sai su ɗauka ko Alƙur'ani ne ko laya. Alhali kakanninmu da wannan baƙin suka rubuta cinikinsu, da aurensu, da iyakar filinsu. Saboda haka ina roƙonku, kada ku ƙona takardar da ba ku karanta ba. In ba ku iya ba, malaman da suka iya ajami ba su ƙare a zango ba tukuna.

To in an karanta, ina za a kai? Ku hau mota zuwa Legon. A jami'ar da ke can akwai cibiyar nazarin al'amuran Afirka, wadda aka kafa a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta da kansa a 1963. Shugabanta na farko Thomas Hodgkin, da wani masanin tarihi Ivor Wilks, suka haɗa kai da namu, Alhaji Usman Boyo, suka bi malamai gari gari. Dabararsu ce ta burge ni: su ari littafin malami, su ɗauki hotonsa, su mayar masa da abinsa. Ta haka aka tara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami. A ciki akwai na Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga har yaƙin 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Karaci, ya rasu a 1934. Yau ɗalibi daga Kano ko daga Amurka yana iya zama ya karanta abin da malamin nan ya rubuta. Da kowane magaji ya ce a ƙone don girmamawa, me za a karanta?

Kun ga ba sai ka rabu da kayan gadonka ba. Wannan shi ne tsoron da yawanmu, wai in ka kai an cinye. Ka je da kanka, ka yi magana da ma'aikatan ma'ajiyar, ku yi yarjejeniya a rubuce: kyauta ce, ko ajiya ce, ko hoto kawai za a ɗauka. In akwai sirrin iyali a ciki, ka faɗa tun farko, kuma ka riƙe kwafin yarjejeniyar.

Yanzu bari in juyo kanku, 'ya'yana ɗalibai, don ku na fi jin haushi. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Gana, GMSA, tun 1972 take, ta haura shekara hamsin. Ban da ita ga ƙungiyoyin ɗaliban zango, ga na tsofaffin ɗaliban makarantun Islamiyya, ga kulob ɗin samari na kowane layi. Kowace tana da sakatare, kowane sakatare yana da littafin da yake rubuta abin da aka tattauna a taro. Ina littattafan suke? Na san amsar. Sakatare ya gama karatu, ya zuba littafin cikin jaka tare da tsofaffin takardun jarrabawa, ya kai ɗakin tsohuwarsa. Ya tafi bautar ƙasa, ya yi aure, ya yi tafiya. Wata rana ana sharar salla, ƙanwarsa ta kwashe ta ba mai ƙosai ta naɗe wa mutane. Sabon shugaba ya hau, bai san abin da na gabansa suka roƙi hukumar makaranta ba, bai san alkawarin da aka yi musu kan wurin salla ba, sai ya fara daga tushe kamar jiya aka kafa ƙungiyar. Littafin nan amanar jama'a ce, ba naka ba ne, ɗana. Ranar miƙa mulki a miƙa shi gaban shaidu tare da tsarin mulkin ƙungiya, da wasiƙu, da rasit, da hotuna. Wanda ya cika kuma aka daina amfani da shi, a kai ma'ajiyar jami'a da sunan ƙungiya.

Wani zai ce ai komai yana WhatsApp. Waya nawa ka canza cikin shekara biyar? Wadda aka fizge maka a tashar Tudu, ina hotunan da ke ciki? Ku buga muhimman a takarda. Ku juya bayan hoto ku rubuta da fensir su wane ne, ina ne, wace shekara. Hoton da ba suna, bayan mutum biyu sun mutu ya zama hoton baƙi.

Ajiyar gida kuma, kun san garinmu da laima. Kada a ɗaure takarda cikin leda, gumi take yi ta yi funfuna. Kada a liƙe tsohuwar takarda da roba mai zafi, in ta kama ba ta ɓantaruwa. A cire ƙarfen da aka maƙale ta da shi, tsatsa yake ci. A sa a ambulan, a jera cikin akwati, a ɗora akwatin sama, nesa da bango saboda gara. Ƙarƙashin gado dai a'a. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa ya ci Ankara, wato Accra, ga gobarar gidan mai a Circle, ba sai na yi masa bayani ba. Mutanen bakin babbar kwatar Nima sun san yadda takarda ke komawa kamar dokunu in ta sha ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Dattawanmu da suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, sun san nauyin warƙa ɗaya. Ku tambaye su. Har yau in an zo maganar katin ɗan ƙasa ko rigimar fili, tsohon rasit ɗin kaka yakan yi maganar da baki goma ba su yi ba.

Hajiya, Asabar ɗin nan ki buɗe akwatin nan na marigayi. Ki kira jikanki mai boko, ki aika a kira malam mai ajami, a shimfiɗa tabarma a inuwa, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashana kuma ta zauna a madafa.