Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Maganin Ciwon Ɓarin Kai

Da wuya a sami hakimin da ba shi da wani a ƙasarsa wanda ciwon kai ya kan kwantar wuni guda ko kwana biyu, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ba ya son haske, har ƙarar turmi ta zame masa azaba. Wani lokaci dagaci ne, wani lokaci malamin ofis, amma galibi mace ce a cikin gida, gama mata sun fi maza kamuwa da shi ninki biyu zuwa uku. Wannan shi ne ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren. Ya kan kama gefe ɗaya yana bugawa kamar ana daka, tare da tashin zuciya ko amai, in ba a yi magani ba kuwa ya kan daɗe daga sa'a 4 har zuwa kwana 3.

Yana da wani ɗan'uwa wanda bai kai shi yawa ba, amma ya fi shi zafi nesa. Likitoci suna kiransa kulasta, watau mai zuwa gungu-gungu, domin ya kan riƙa tasowa kullum har makonni, sau da yawa a daidai sa'a guda ta dare, sa'an nan ya ɗauke na watanni ko shekara. Zafinsa a kewayen ido ɗaya ya ke, idon ya yi ja yana hawaye, hancin wannan gefen ya toshe. Kowane tashi ya kan yi minti 15 zuwa sa'a 3, wani ma har sau 8 a rana. Maza ya fi kamawa. Mai ɓarin kai kwanciya ya ke nema, shi kuwa mai wannan ba ya iya zama, sai kai da kawowa. A ƙauye a kan ce iska ce ko sammu, alhali kuwa ciwo ne sananne a asibiti.

Dukansu biyu suna da magani, maganin kuwa yana aiki. Sai dai masu ƙarfinsa likita ya kan rubuta wa mutum ɗaya ne, bayan ya gwada jininsa ya bincika lafiyar zuciyarsa, ya kuma ƙayyade masa yadda zai sha. Ɓarna ta hanya biyu ta ke shigowa, ta kyauta da ta yawaitawa.

Ta kyauta ita ce ta fi shafar manya, domin babba ba ya son a zo masa da kuka ya sallami mutum hannu wofi. A ce wani dagaci likita ya rubuta masa ƙwayar sumatiriftan, wadda aka fara amfani da ita a 1991, ya sha ya ji daɗinta. Ran nan yayansa ya zo kai na sara masa, sai ya ciro ɗaya daga aljihu ya miƙa masa. Niyyar kirki ce, amma ƙwayar tana matse jijiyoyin jini, ba na kai kaɗai ba, har da na zuciya. In yayan nan yana da ciwon zuciya, ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ƙwaya ɗaya tana iya ja masa abin da ya fi ciwon kai. Hawan jini kuwa mutum ya kan shekara da shi bai sani ba.

Tsohon magani ergotamin ya fi wannan hatsari. Wani masani Arthur Stoll ya fitar da shi a Suwizalan a 1918 daga wani fumfuna da ke kama hatsin Turai, an kuma daɗe ana sayar da shi da sunan Cafergot. Mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta shansa ko kaɗan. Wanda ya haɗa shi da eritiromaisin, ko da waɗansu magungunan cutar ƙanjamau, jini yana iya yankewa daga yatsunsa, su yi sanyi su mutu har a kai ga yanke su. Ba a kuma haɗa shi da sumatiriftan sai an bar sa'a 24 tsakaninsu. Mai kyautar ƙwaya bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kunya kuma ba za ta bar shi ya tambayi matar ɗan'uwansa ko tana da ciki ba.

Hanya ta biyu ita ce ta fi ɓuya. Maganin ciwon kai, in an yawaita shansa, shi da kansa ya kan haifar da ciwon kai. Mutum ya farka da asuba kai na ciwo, ya sha, ya lafa, gobe ya komo, ya ƙara sha, har ciwon da ke zuwa sau biyu a wata ya zama na kullum, shi kuwa yana tsammani ciwon ne ya ci ƙarfin magani. Garin neman gira ke nan an rasa ido. Likitoci sun yanka iyaka: mai shan sumatiriftan, ko ergotamin, ko kodin, ko turamadol, ko ƙwayar da aka gauraya magunguna a cikinta, kwana 10 ko fiye a wata, har ya wuce wata uku a haka, ya shiga wannan hali. Ga farasitamol da asfirin iyakar kwana 15 ce. Kwanaki a ke ƙidayawa, ba yawan ƙwayoyi ba. Warakarsa ita ce a daina shan maganin bisa shawarar likita, a daure, gama kai ya kan ƙara ciwo na 'yan kwanaki ko makonni kafin sauƙi ya zo.

To, a nan aikin malamai ya ke. Mai ciwo ba ya iya riƙe kwanakin da ya sha magani, in likita ya tambaye shi sai ya ce, "Kullum ne," ko ya ce, "Jefi-jefi." Malamin da ya saba da rajista ba zai sha wuya ba wajen tsaga wa mutum takarda gida huɗu: ranar da ciwon ya zo, sa'o'in da ya yi, sunan maganin da aka sha, da abin da ya faru kafin ya taso, ko rashin barci ne, ko yunwa, ko tafiya cikin rana, ko al'adar mata. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya yi zane ɗaya a kowace rana. Takardar wata biyu irin wannan ta fi dogon bayani amfani ga likita. Da ita zai gane ko mutum ya ƙetare iyaka, da ita kuma zai san ko lokaci ya yi da za a ba shi maganin rigakafi.

Shi na rigakafi kullum a ke shansa, ko kai na ciwo ko ba ya yi, kuma ba a yanke masa hukunci sai ya yi wata biyu ko uku. Mutane da yawa su kan yar da shi bayan mako guda su ce ba shi da amfani. Shi ma kowane iri da wanda bai dace da shi ba. Firofaranolol ba a ba mai asma, ba a kuma yanke shi farat ɗaya. Amitiriftilin yana sa barci, don haka da dare a ke sha, mai tuƙin mota ya kula. Balfurowet yana lahanta ɗan da ke ciki, lalle macen da ke iya ɗaukar ciki ta faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Mai shan maganin kullum kuwa, azumi na gabatowa ya koma a gyara masa lokutan sha. Wanda ya saba da goro ko shayi ya fara ragewa tun a Sha'aban, gama yanke su kwatsam shi ma yana kawo ciwon kai.

Kulasta ba ya jiran ƙwayar haɗiya, kafin ta narke ya gama azabarsa. Abin da ke tare shi da sauri shi ne allurar sumatiriftan ta ƙarƙashin fata, wadda ba a yi fiye da sau biyu cikin sa'a 24, ko shaƙar iskar oksijin zalla na wajen minti 15. Inda tukunyar oksijin ta ke ba a hura wuta, ba a shan taba. Rigakafinsa berafamil ne, amma sai ana auna bugun zuciya da na'ura kafin a ƙara yawansa.

Kodin da turamadol ba su ne maganin waɗannan ciwace-ciwace ba, ga shi kuma suna kama mutum ya kasa rabuwa da su. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Masu ƙananan shagunan kemis lasisinsu bai ba su ikon sayar da maganin da sai da takardar likita ba, balle mai tallar ƙwayoyi a faranti cikin rana. Hakimi ba likita ba ne, amma in ya yi magana ran kasuwa ana ji, yana kuma iya kai rahoton mai irin wannan ciniki ga hukumar NAFDAC.

Akwai ciwon kan da ba a tsayawa neman ƙwaya dominsa, ya kamata dagatai da masu unguwa su san shi. Wanda ya faɗo wa mutum nan take kamar an sare shi da gatari, da wanda ya zo da zazzaɓi da ƙagewar wuya, musamman a bazara lokacin sanƙarau, da wanda ya zo da mutuwar hannu ko karkacewar baki, da sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50, da na mace mai ciki wadda fuskarta ta kumbura, duk waɗannan a nemi mota a kai asibiti a ranar, ko da dare ne, a tafi da kwalayen duk maganin da mutum ya sha.