Kwana Biyu Cikin Birnin Damagaram: Jawabi ga Mahalarta Biki

 

 

Ranar da sarauta ke bikin cika shekara ɗari, rana ce ta waiwaye. Maroƙa suna da nasu tarihin a baka, malamai suna da nasu a takarda, amma akwai tarihi na uku wanda ke tsaye da ƙafafunsa, wato gine-ginen magabata. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya ware Asabar da Lahadi ya zaga Damagaram zai tabbatar da haka.

Da safiyar Asabar, mai ziyara sai ya fara da unguwar Birni, inda gidajen ƙasa ke jingine da manyan duwatsu. A nan fada take, dogarai na tsaye a ƙofarta cikin ja da kore. Ba za a ambaci Birni ba tare da Sarki Tanimun ba, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar gari, a zamaninsa kuma maƙera suka zuba igwa a nan cikin gida. A ƙarshen 1852 matafiyin nan Bajamushe, Bart, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a garin ya tarar da shi cike da fatake. Yau ɗan abin da ya saura na ganuwar kawai ake gani.

Kada mai ziyara ya yi gaggawa cikin lungunan Birni. Ya dubi zankwayen da ke bisa soraye, da zanen da magina suka fitar a fuskar zaure, da yadda aka tanƙwara azara aka ɗaure rufi ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba. Kowane zaure yana faɗin matsayin mai gidansa tun kafin a yi sallama.

Da la'asar sai ya ɗaga kai ya dubi barikin da Faransawa suka gina bisa dutse. A 1898 aka kashe Kaftin Kazamaju a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 aka gwabza a Tirmini, gari ya faɗa hannun Nasara. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa suka kai shi Kodibuwa, ba a maido da sarauta gidanta ba sai 1923, da naɗin Barma Mustafa. Daga 1911 Damagaram ce babban birnin ƙasa, har 1926 da aka mayar da mazaunin gwamna Yamai. Yaron da ya ji wannan labari a gindin dutsen ba zai manta da shi ba kamar yadda yake manta na allo.

Ranar Lahadi ta Zango ce, masaukin ayarin Azbinawa da fataken da suka haɗa Kano da Tarabulus. Gidajen attajiran da na nan da adonsu. Daga can sai majema, inda har yanzu ake jeme fata da bagaruwa, sannan gidan ajiye kayan tarihi na jiha.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ginin ƙasa rai gare shi, abincinsa yaɓe. In aka hana shi, damina biyu ko uku sun isa su kwantar da abin da ya shekara ɗari a tsaye. Magada da yawa sun rushe soron kakanni sun kafa siminti da kwano, tsofaffin magina kuma na tafiya ba tare da sun bar almajirai ba. Tun 2006 aka gabatar da Birni da fada cikin jerin wuraren da Nijar ke neman hukumar UNESCO ta amince da su. Tsohon garin Agadas ya sami shiga a 2013. Abin da ya rushe ba ya shiga kowane jeri.

Saboda haka roƙon guda uku ne. Masu unguwanni su riƙa duba tsofaffin gidaje kafin saukar ruwa. Masu hali su ɗauki nauyin yaɓe, su kuma biya magini ya koyar da samari. Iyaye da malaman makaranta su kai yara su gani da idonsu, kada baƙon da ya ƙetaro teku ya fi ɗan gari sanin gidan kakansa.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.