Jawabi a kan tsohon batir da ma'aikatun da ke sabunta shi

 

Yau babu unguwar da ba batir a garinmu: na mota, na moto, na farantin hasken rana da muke cajin salula da shi. To, in ya mutu ina za shi? Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, sauran roba da ruwan batir mai cin tufa da fata. Dalma kuwa guba ce da ba ta wari. Tana shiga jini, ta fi kama yara, ta dakushe musu ƙwaƙwalwa. Mu malaman lakwal, wannan shi ya fi tayar mana da hankali.

Shi ya sa muke yaba wa ma'aikatun da ke karɓar mataccen batir su maido shi sabo. Ga yadda aikin yake. Inji ke farfasa shi a rufe, a zuba gutsattsarin cikin ruwa, roba ta taso sama, dalma ta nutse. Robar a narkar da ita a yi sabon gidan batir. Ruwan batir a kashe kaifinsa. Dalmar kuma a narke ta cikin tanda mai matatar hayaƙi, ma'aikata da abin rufe hanci, ana auna jininsu loto-loto. Ko sau nawa aka narke ta, ba ta lalacewa. A Amurka, wajen 99 cikin 100 na irin wannan batir suna komawa ma'aikata.

Inda babu wannan tsari fa? A Thiaroye, bakin Dakar, mutane sun daɗe suna fasa batir suna narka dalma a fili. Daga baya mata suka riƙa tankaɗe ƙasar wurin suna sayar da dalmar da ke ciki. Tsakanin watan Nuwamba 2007 da Maris 2008, yara 18 suka rasu. Allah ya jiƙan su.

Amma fa ba kowace ma'aikata ce ta cancanci yabo ba. A Mombasa ta ƙasar Kenya, wata ta yi ta sako wa unguwar Owino Uhuru hayaƙin dalma, sai da mutanen unguwa suka tashi tsaye kana aka rufe ta a 2014. Dogon bututu ba shi ne tsabta ba. Wanda zai nemi aiki a irin wurin nan, a Legas ko Abijan, ya tambaya tukuna: ana ba da kayan kariya? Ana auna jini? Akwai wurin wanka, don kada ya kai wa iyali ƙurar a riga?

Nan gida kuma, kada a fasa batir a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada gidansa ya zama kwamin tumaki. A ajiye shi a tsaye, nesa da yara, a mayar wa mai sayarwa yadda yake.