Idan An Rufe Jami'a, Wa Zai Yi Wa Alkama Ban Ruwa?



Duk sa'ad da aka ta da zancen shirin ko-ta-kwana a jami'a, hankalin mutane kan tafi ga gobara a ɗakin kwanan ɗalibai, ko harin 'yan bindiga, ko motar ɗaukar marasa lafiya. Suna da hujja, domin Kano ba ta manta da harin da aka kai tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ran 29 ga Afrilun 2012 ba, balle wanda aka kai Kwalejin Ilimi ta Tarayya a 2014. Ceton rai shi ne gaba da komai, ba mai musun wannan. Amma akwai rabin shirin da ba a cika kula da shi ba, wato yadda aiki zai ci gaba bayan an ja ƙofa an rufe. A wannan yanki namu na Kura da Bunkure da Garun Malam, aikin da ya fi kowane rauni idan an rufe jami'a yana shuke ne a gona. Ana iya ɗage lacca zuwa baɗi, ana iya ɗage jarrabawa, amma shuka ba ta san an tafi hutun dole ba. Ra'ayina shi ne duk jami'ar da ke bincike a filin noman rani, wajibi ne ta rubuta shirinta bisa kalandar gona, ba bisa kalandar aji kaɗai ba.

Mu dubi inda muke zaune. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ke gangarowa ta babban kanal ba tare da inji ba, yana shayar da dubban hektoci ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A tsakiyar wannan fili, a Kadawa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tana da tashar gwajin noman rani. Ga Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, dukkansu ba su da nisa. To, kowa a nan ya san halin alkama: ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta samu sanyin hunturu, wanda ya makara kuma zafin Maris zai riske ta kafin ƙwaya ta cika. Tana son ban ruwa a kai a kai. In ta sha ƙishirwa lokacin da take fitar da kai, manomi zai yi asarar wani kaso na amfaninsa, ya tattara sauran ya kai kasuwa. Mai bincike kuwa ya yi asarar shekarar ɗungurungum, domin ba zai iya tantance ko irin ne bai da kyau ko rashin ruwa ne ya kashe shi ba. Tun da kuma sabon iri ba ya samun izinin fita sai an gwada shi shekara da shekaru a wurare daban-daban, kaka ɗaya da ta lalace tana jinkirta isar irin ga manomi, tana kuma riƙe ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya dogara da wannan gwaji.

Wannan ba hasashe ba ne. A watan Maris na 2020 an rufe makarantu saboda annobar korona, a daidai lokacin girbin alkama, yajin aikin malaman jami'o'i na wannan shekara kuma ya kai har Disamba, ya haɗiye daminar duka da lokacin shukar rani. A 2022 wani yajin ya fara ran 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai Oktoba. Cikin shekara uku ke nan jami'o'in tarayya suka shafe kusan wata 17 ba karatu. Abin da ya fi yawan tsayar da aikin jami'a a ƙasar nan ba bam ba ne, ba gobara ba ce. Rufewa ce mai tsawo wadda kowa ke hango zuwanta. Abin da ake hangowa kuwa, babu uzurin rashin yi masa tanadi.

Ruwan da muke ci da shi ma yana da nasa haɗarin. Madatsar Bagauda, nan kusa da mu, ta ɓalle a Agustan 1988. A Satumban 2024 ta Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori masu tsada. Sai kuma bala'in da ba ya yin ƙara: tsutsar tumatir da ta cinye gonakin wannan yanki a 2016, har kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsaya don rashin abin sarrafawa. A irin wannan rana manomi yana neman masanin ƙwari cikin kwana biyu. Idan masanin yana gida, ɗakin gwajinsa a kulle, to rufewar jami'a ta zama asarar mai kai kwando kasuwar Kwanar Gafan.

Me shirin zai ƙunsa? Ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Kafin kowace kaka a rubuta gwaje-gwajen da ba za su jure tsaiko ba, da sunan wanda zai ba su ruwa, da wanda zai maye gurbinsa in ya kasa zuwa. A ware kuɗin leburori da man injin ban ruwa a inda shugaban tasha zai iya taɓawa ba sai an jira sa hannu daga Zariya ko Kano ba. A ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na sassan kanal, domin su ne ke bakin gona kullum. Littafin awo kada ya zauna a kwamfuta ɗaya ko jakar ɗalibi ɗaya. Iri kuma, wanda shi ne dukiyar da ba a saye in ta salwanta, a raba shi gida biyu, a ajiye kaso a rumbun iri na ƙasa da ke Ibadan. Cibiyar binciken noma ta ICARDA ta yi haka: da yaƙin Siriya ya raba ta da rumbunta na Halab, a 2015 ta karɓo kwafin irin da ta ajiye a Svalbard ta ƙasar Nowe, ta sake shuka shi a Labanan da Maroko.

Na san za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne jami'o'inmu na fama da biyan kuɗin wuta ma. Sai dai yawancin abin da na lissafa takarda ce da yarjejeniya da rabon aiki, kuma ladan mai ban ruwa na wata uku bai kai kuɗin sake gwajin daga farko ba, har da taki da iri da alawus. Wasu za su ce wannan aikin hukumomin agajin gaggawa ne, NEMA da SEMA. Su aikinsu kwashe mutane da kai tabarmi da abinci. Babu jami'in agajin da ya san wace kuyya ce ke ɗauke da irin da aka yi shekara shida ana tacewa. Mai cewa intanet ta warware matsalar rufewa, ya tuna cewa ba a yin ciro ko feshi ta waya. Mai cewa komai ƙaddara ce, mun yarda, amma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da tanadin hatsi ya tarbi shekarun fari.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na yajin aiki, kuma ba na raina shi. Malami zai ce ƙarfin yaji yana cikin tsayar da komai, in aka bar wata kafa gwamnati ba za ta ji zafi ba. Ina ganin malamai na da haƙƙi a yawancin abin da suke nema. Amma mu tambayi kanmu wa ke jin zafin bushewar gonar gwaji a Kadawa. Ba wani minista a Abuja da zai ma samu labari. Mai asara shi ne malamin da kansa, da ɗalibinsa, da manomin Bunkure da ke jiran iri mai jure zafi. Don haka ya kamata ƙungiyar malamai da hukumar jami'a su zauna tun ana zaman lafiya, su amince a rubuce cewa ban ruwa, da ciyar da dabbobin gwaji, da wutar firjin iri, ba sa shiga yaji, sannan a kai wannan takarda gaban majalisar dattawan jami'a ta tabbatar da ita kafin watan Oktoba, lokacin da ake fara gyaran fili.